Jiran Hannuwan Ƙarfe

"Inna, matso ki gani da idonki," in ji Injiniya, yana miƙo mata wayarsa. "Ba zancen shaci-faɗi ba ne. Ga shi nan ana yi wa mutane."

Mai Saƙa, maƙwabciyarsu, ta ajiye kwanon romon da ta kawo a kan tebur, ta matsa kaɗan, ba sosai ba. A fuskar wayar akwai wata na'ura mai hannuwa huɗu sirara, ta sunkuya a kan gadon da aka lulluɓe da shuɗin ƙyalle. Can gefe wani mutum yana zaune, ya cusa fuskarsa cikin wani abu kamar akwati, yatsunsa suna motsi a hankali.

"Wancan na zaunen shi ne likitan," in ji saurayin. "Duk abin da ya yi da yatsunsa, hannuwan nan suke maimaitawa a cikin jikin mutum. Ba a farke ciki, 'yan huji ne kawai. Kuma suna shiga lungun da hannun ɗan Adam ba ya iya juyawa. Ciwon Baba can ƙasa yake, a wuri matsattse. Wannan za ta yanke ciwon, ta bar masa hanyarsa yadda Allah Ya halicce ta."

Mahaifinsa yana zaune a ɓari guda na kujera, don ciwon ya hana shi zama daidai. Shi ne mai wanki da guga a shagon da ke ƙasan benen, kuma ƙofar ɗakinsa tana kallon ta Mai Saƙa tun kafin a yaye Injiniya. Mutanen layin ne suka laƙaba masa Baba Tsaf, saboda ba a taɓa ganin tabo a farar rigarsa ba, ko da kuwa ranar ruwan sama ce. Yau ma rigar tana nan fes, sai dai kafaɗunta sun fara yi masa yawa.

Ciwon daji ne a ƙarshen babban hanji, dab da mafita. Likitan asibitin kusa, wani dattijo marar yawan magana, ya ce zai iya yi masa aiki kafin watan ya ƙare, amma dole ya rufe hanyar ƙasa, ya fito da bakin hanjin ta gefen ciki, a riƙa manna masa jaka har ƙarshen rayuwa. Babban asibitin da ke da na'urar kuwa yana da nisa, layinsa kuma dogo ne. Dattijon ya ce shi dai ba ya son jira.

"Jaka!" in ji Maman Injiniya, tana kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. "Mutum ya riƙa yawo da ƙazantarsa a jikinsa? Ina salla, ina shiga mutane? Yaya, ke fa ki ji. Wa zai yarda ya zauna kusa da mai irin wannan abu?"

"Ni da na ƙare ƙuruciyata ina fitar da datti daga tufafin jama'a," in ji Baba Tsaf, yana murmushin ƙarfin hali, "sai a wayi gari a rataya mini nawa a ƙugu? A'a. Gara a kai ni makwancina a wanke, a goge, a ninke."

"Daina irin wannan maganar, Malam," in ji matarsa.

"To, na daina. Mu jira mai hannu huɗu. Ko ba komai ta fi ni hannu, in ta gama sai in ɗauke ta aiki a shago."

Injiniya ya yi dariya. A daidai wannan lokacin wani ɗan sauti ya fito daga ƙarƙashin rigar Mai Saƙa, gefen hagu, irin na iska a cikin leda. Ta ja kujerar da ke kusa da ita da ƙarfi, ƙafafunta suka yi ƙara a kan siminti, ta ce ta bar tukunya a kan wuta. Ta yi musu fatan sauƙi, ta fita.

Da ta rufe ƙofarta, sai ta jingina da ita, ta ɗora tafin hannu a kan wurin. Jakar tana nan, da ɗuminta, kamar yadda take nan shekaru masu yawa.

Ba wanda ya sani a benen. Lokacin da aka yi mata nata aikin, marigayi mijinta ya ce wa maƙwabta ƙari ne aka cire, ta je gidan yayarta ta yi jinya, ta dawo da manyan riguna da sabuwar ɗabi'a ta son zaman ɗaki. Ta koyi komai ita kaɗai: yadda ake yanka bakin jakar daidai da bakin hanjin, yadda ake busar da fata kafin a manna, abin da za ta ci da abin da za ta bari idan za ta fita. Ta taɓa aika mijinta ya tambayi wani malami, a matsayin tambayar wata baiwar Allah, aka ce masa mai lalura ce, ta yi alwalarta ta yi sallarta, Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Tun daga nan ba ta sake shakkar tsayuwa gaban Ubangijinta ba. Tsayuwa gaban mutane ce ta gagare ta.

Ta zauna a bakin gado ta ɗauki kwarashi da ulu, da rigar sanyin da take saƙa wa jaririn wata mata da ta kusa haihuwa, amma hannunta ya ƙi tafiya. Lissafin a fili yake. Idan ta buɗe baki ta ce, ga ni nan, da ita nake rayuwa, wataƙila mutumin nan ya koma wurin dattijon likita tun kafin ciwon ya yi nisa. Idan kuwa ta buɗe, Maman Injiniya za ta kaɗa mata hannun nan, kuma kafin la'asar labarin ya sauka matakala ya shiga layi.

Ta ce wa ranta bari a ga ranar da asibitin za su ba su. Wataƙila kusa ce.

Ba kusa ba ce. Da ranar ta matso, aka kira Injiniya aka ɗaga ta, wai wani ɓangare na na'urar ake jira. Da ɓangaren ya iso, likitan da ya iya sarrafa ta ya yi tafiya, waɗanda ke gaba a layi kuma suka taru. Kullum Injiniya yana tsaye a baranda da waya a kunne, yana cewa, "Na'am, ranka ya daɗe. Na gode, ranka ya daɗe," sa'annan ya kashe ya daki bango da tafin hannu.

Baba Tsaf bai daina sauka shago ba. Da ma aikin tsaye ne, tsayuwar kuma ta fi masa zama sauƙi. Sai dai yanzu yakan bar dutsen guga a tsaye, ya haura sama da sauri, ya daɗe, ya sauko fuskarsa ta yi fari. Mai Saƙa tana jin sawunsa a matakala, tana jin ƙarar ruwa ta bayan bango, sau da yawa fiye da yadda lafiyayye yake buƙata. Ta san wannan sawun. Ta taɓa yin irinsa.

Wata safiya ta iske Maman Injiniya a saman bene tana shanya. Iska tana kaɗa zannuwan gado, ba kowa sai su biyu. Ta kama mata bakin wani zane suka matse tare.

"Maman Injiniya, akwai maganar da nake so in gaya miki, amma amana ce."

"Faɗi, Yaya. Ni da ke?"

"Jakar nan da kuke gudu. Ina da ita."

Matar ta tsaya da zanen a hannu, ruwa yana ɗiga a kan ƙafarta. "Kina da me?"

"Ba ƙari aka cire mini ba wancan lokacin. Irin ciwonsa ne. Ga ni, na aurar da 'yata, na ga jikokina, ina azumi, ina salla. Ba daɗi, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ana rayuwa. Ki ce ya koma wurin dattijon nan. Jiran nan yana cinye shi."

Idanun Maman Injiniya suka sauka a kan cikinta, suka tsaya can. "Yanzu haka tana jikinki?"

"Yanzu haka."

"Innalillahi. Duk shekarun nan? Kuma kina dafa mana..." Ta saki bakin zanen da suke riƙe tare, ta goge hannuwanta a jikin zaninta, sannu a hankali, ciki da baya, ba tare da ta san tana yi ba. "Yaya, don girman Allah kar ki gaya masa. Yaron nan ya sa ransa, ba inda bai shiga ba. Kuma Malam ba irinki ba ne. Ke mace ce, kina ɗaki. Shi mutumin jama'a ne, kayan mutane yake taɓawa."

"Ni kuma kayan jarirai nake taɓawa."

"Ai ban ce komai ba, Yaya."

Washegari Mai Saƙa ta aika musu da romo kamar kullum. Da yamma ta tarar da kwanon a bakin ƙofarta, a rufe, nauyinsa bai canza ba. Ta sake aikawa bayan kwana biyu, don ta tabbatar. Daga nan ba ta ƙara ba. Amanar dai matar ta riƙe ta, ba wanda ya canza mata fuska a layin. Sai dai idan sun haɗu a matakala, Maman Injiniya takan manne da bango, ta gaishe ta da fara'a mai yawa, ta riƙe numfashi har sai ta wuce.

Saura Baba Tsaf kansa. Mace ba ta tsayawa gaban namijin da ba muharraminta ba ta yi masa zancen abin da ke ƙarƙashin rigarta, amma ta auna wannan da sawun da take ji a matakala, ta ga wanda ya fi nauyi. Ta naɗe zannuwan gadonta, waɗanda ta riga ta wanke da kanta kamar yadda ta saba, ta sauka shago.

Tururi ya cika wurin, da ƙamshin sitati da na sabulu. Riguna suna rataye layi-layi a cikin leda. Baba Tsaf yana fesa ruwa a wuyan wata riga, wuyan hannunsa ya zama kamar na yaro.

"A'a, sarauniyar ulu da kanta! Yau an tuna da talakawa."

"Baba Tsaf, ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya gode. Mai hannu huɗu dai har yanzu tana kwalliya, ba ta fito ba. Kin san amare."

"Akwai abin da nake so ka sani game da aikin da likitan farko ya ce."

Ya ɗaga dutsen guga ya kawo shi kusa da kuncinsa yana jin zafinsa, bai dube ta ba. "Maƙwabciya, kin ga wuyan rigar nan? Mai ita ba ya wanke bayan kunnensa. Babban mutum ne kuwa, in ya zo mota har da direba. Ni ban taɓa gaya masa na sani ba. Sana'armu ke nan: ka gani, ka goge, ka yi shiru. Jibi ki aiko a karɓa."

"Ka saurare ni mana."

"Jibi, in Allah Ya kai mu."

Wani mutum ya shigo da ƙunshin kaya. Ta fita.

Da ranar ta zo a ƙarshe, sai da aka riƙe shi ya sauka matakala. Ya sa farar riga mai kari kamar wuƙa, ya ce ba zai je gaban na'ura a yamutse ba, kar ta raina shi. Mai Saƙa ta tsaya a baranda har motar ta sha kwana, sa'annan ta shiga ta shimfiɗa darduma ta roƙa masa abin da ya fi alheri. Ta roƙa wa kanta kuma a raba ta da son a ce ita ce mai gaskiya.

Injiniya ne ya fara dawowa, ɗaukar kaya. Ta ji yana kokawa da makulli, ta leƙo.

"An yi?"

"An yi, Inna." Bai juyo ba. "Na'urar ta yi aikinta. Likitan ya ce da suka shiga da madubin leƙa ciki, sai suka ga abin ya bazu. Ƙanana-ƙanana, ko'ina a bangon ciki, irin waɗanda hoto ba ya nunawa. Ya ce babu amfanin a yanke na ƙasan. Hanyar ta kusa toshewa, sai suka..." Ya kai hannu gefen cikinsa na hagu.

"Suka sa masa jaka."

"Suka sa masa jaka." Makullin ya faɗi, ya sunkuya ya ɗauka. "Na tambaye shi, da mun zo da wuri fa? Ya ce ba zai iya rantsewa ba. Ya ce amma da an yi wani abu da wuri, ko a ina ne, da ya fi. Ko a ina ne, Inna. Ni na ce a jira." Sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Amma ki ga wurin. 'Yan huji ne kawai, kamar yadda na ce. Ko ɗinki ba ka gani sosai."

"Ka yi abin da ka ga shi ne gata," in ji ta. "Shiga ka sha ruwa."

Bayan an sallamo shi, kwanaki suka wuce ƙofar ba ta buɗe mata ba. Tana jin wanki ba dare ba rana, tana ganin zannuwa suna hawa saman bene suna sauka, tana jin ƙamshin turaren wuta da ake bankawa har yana shigo mata ta ƙasan ƙofa. Ta san abin da turaren yake rufewa. Ta san kuma kuskuren da suke yi, ba sai ta gani ba.

Wata rana bayan azahar aka ƙwanƙwasa. Maman Injiniya ce, ɗankwalinta a karkace, idanunta sun yi ja.

"Yaya, ta ƙi zama. Mun manna, ta saki. Mun sake, ta saki. Fatar duk ta saɓule, yana kuka kamar yaro. Sun nuna mini a asibiti, wallahi sun nuna mini, amma kaina ba ya tare da ni."

Akwai maganganu da yawa a bakin Mai Saƙa, ta jera su tun ranar saman bene. Ta haɗiye su. Ta ɗauki ƙaramin almakashinta mai lanƙwasasshen baki, da auduga, da hodar da take ajiyewa a bayan akwati, ta bi ta.

An rufe tagogin ɗakin duka. Ta ce a buɗe. Baba Tsaf yana kwance, ya juya fuska bango. Ta ce wa matar ta lulluɓe shi da zane daga ƙirji zuwa ƙafa, ta bar wurin kawai a buɗe, ta kawo ruwa mai ɗumi ba sabulu. Bakin hanjin yana nan ja, lafiyayye, fatar da ke kewaye da shi kuwa ta yi ɗanye.

"Kin ga? Kuna yanka bakin da faɗi, abin yana taɓa fata. Kuma kuna mannawa kafin ta bushe. Matso ki gani, ba cizo yake yi ba." Ta goge, ta bari ya sha iska, ta barbaɗa hoda ta kaɗe. Ta auna, ta yanka da'ira a bakin sabuwar jaka, ta ɗumama ta tsakanin tafukanta, ta manna daga ƙasa zuwa sama, ta dafe. "Sai ki riƙe haka, ki karanta abin da ya sauwaƙa. Ɗumin hannu ne yake kama gam ɗin."

"Hannunki ya saba," in ji Baba Tsaf, fuskarsa har yanzu a bango.

Ta dubi matarsa. Matar ta girgiza kai da sauri, alamar ba ita ta faɗa ba.

"Ba ita ba ce," in ji shi. "Gam ɗin nan yana kama dutsen guga. Komai wankin da kika yi wa zanen gadonki kafin ki kawo, yana nan, gefe guda, kullum wuri ɗaya. Ina saurayi na yi aiki a ɗakin wankin asibiti. Tun shekarar da kika dawo daga gidan yayarki na gane."

Hannun Mai Saƙa yana kan jakar, ba ta ɗaga ba, don lokacin ɗagawa bai yi ba.

"Ka sani," in ji ta, "kuma ina tsaye a ɗakin nan ka ce gara a kai ka makwanci."

"Don na sani ne na faɗa." Ya juyo da kansa a hankali. Idanunsa sun faɗa ciki, farinsu ya fara yin rawaya. "Maƙwabciya, da can in kika yi dariya a sama, ina jinki a shago, injin wanki yana aiki. Kika dawo, kika daina. Kika daina shiga mota da mutane. Aka aurar da 'yarki kina zaune a bakin ƙofa kamar mai jiran a kore ta. Na duba, na ce in haka jakar take mayar da mutum, ni ba na so. Ke na kalla na yanke shawara."

A ƙasa wata mota ta wuce tana hon.

"Jakar ba ta taɓa ce mini in zauna a bakin ƙofa ba," in ji Mai Saƙa.

Maman Injiniya ta sunkuyar da kai tana murza gefen zaninta.

"Da na sauko shago fa? Ka san abin da ya kawo ni."

"Na sani. Na ga in kika faɗa da bakinki, ba za ki ƙara iya haɗa ido da ni ba. Na ce bari in rufa miki asiri."

"Ka rufa," in ji ta. Ta ɗaga hannunta. Jakar ta zauna daram. "Ni ma na rufa. Ga shi nan mun rufa."

Ya lumshe ido. Can ya ce, da wata murya ƙarama, "Sallata fa? Tun da aka sa mini ita nake yi ina jin kamar ba a karɓa."

Ta gaya masa abin da malamin ya ce, kalma da kalma, kamar yadda mijinta ya kawo mata. Ya sa ta maimaita. Sa'annan ya ce wa matarsa ta kawo masa ruwan alwala da farar rigarsa, wadda ke rataye a bayan ƙofa.

Daga ranar ta riƙa shigowa kullum da hantsi. Fatar ta warke. Maman Injiniya ta koya, har ta fi ta saurin yanka da'irar, amma ba ta taɓa tambayarta yaya nata jikin yake ba, kuma idan ta kawo mata shayi, a wani kofi ne daban mai tsagaggen baki. Mai Saƙa takan sha, ta yi godiya. Baba Tsaf yakan tsokane ta in ƙarfi ya zo masa. Ya ce yanzu su biyu 'yan ƙungiya ɗaya ne, ita ce shugaba tunda ta riga shi shiga. Ya ce wa Injiniya ya daina zama a gefen gado da fuska kamar rigar da aka manta a cikin bokiti. Sau ɗaya ta yi dariya har ta dafe gefen cikinta, a gabansu, ba ta ja kujera ba. Ya buɗe ido ya dube ta.

Abinci ya fara ƙin zama. Sa'annan ruwa. Jakar da ta ja duk wannan gudu ta koma kwana a wofi.

Ya cika da safe, rana ta ɗan ɗaga, lokacin da layin ya cika da masu tafiya aiki. Mai Saƙa tana ɗaura ɗankwali za ta shiga wurinsu ta ji muryar Injiniya ta bayan bango yana maimaita kalmar shahada, da ƙarfi, da ƙarfi, sai kuma ya yi shiru. Ta zauna a inda take. Ta yi masa addu'ar da ake yi wa wanda ya riga mu. Ta daɗe tana neman hawaye, ba su zo ba.

Mutane suka cika benen, takalma har matakala. Ta shiga ta yi gaisuwa, mata suka matsa mata wuri a tsakiyar tabarma. Ta ji wata tana cewa ai an kai shi har wurin na'ura, ba abin da ɗansa bai yi ba, kwana ne ya ƙare. Wata ta rage murya ta ce ta ji har jaka aka sa masa, Allah Sarki, mutum mai tsafta irin wannan, gara da Allah Ya ɗauke shi bai daɗe a haka ba. Maman Injiniya ta ɗago ido, suka haɗu da na Mai Saƙa, ta mayar da su ƙasa.

Bayan baƙi sun ragu, wata yamma Mai Saƙa ta buɗe ƙofa ta tarar da kwali a bakinta, an rufe shi da tsohon tawul don kar mai wucewa ya gani. Ƙofar da ke kallon tata a rufe take. Ta shigar da shi ta ɗora a kan gado.

Jakunkuna ne sababbi, waɗanda suka rage, an jera su a tsanake. Ta ɗauki ta sama. An riga an yanka bakinta. Ta ɗauki ta biyu, ita ma haka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙasan kwalin. Maman Injiniya ta zauna wata rana ta yanke su duka, don kar a rasa a lokacin buƙata, kowace da da'irarta mai kyau, ba karkata, daidai awon mijinta. Awonsa ya fi nata faɗi, ba wadda za ta yi mata amfani.

A ƙasa wani yana buga ƙofar shagon, yana tambayar ko akwai wanda zai ba shi rigunansa. Mai Saƙa ta zauna da ta ƙarshen a cinyarta, tana zagaya bakin da'irar da ɗan yatsa.